Auna halin maza da na mata: inda ma'aunin Bem yake yaudarar mai bincike

Da can, masu binciken halayyar ɗan Adam sun ɗora halin maza da na mata a kan igiya ɗaya: in ka matsa gefen maza, ka nisanci gefen mata ke nan. Haka gwajin Terman da Miles na 1936 yake. A 1974 Sandra Bem ta raba su biyu, domin mutum ɗaya yana iya haɗa tsayawa a kan ra'ayi da taushin zuciya.

Takardar gwajinta, wadda ake kira BSRI, tana da siffofi 60: na maza 20, na mata 20, sai 20 'yan ba-ruwanmu. Mai amsawa zai ba kansa maki daga 1 zuwa 7 a kowace siffa. Ka tara makin siffofin maza ka raba da 20, ka yi haka ga na mata. Daga nan ka jera makin duk mahalarta daga ƙarami zuwa babba, na tsakiyar layi ya zama iyaka. Wanda ya haura iyakar a ɓangarorin biyu ya haɗa halayen. Wanda ya haura a ɗaya, can za a sa shi. Wanda ya gaza a duka, nasa rukunin daban.

Nan gizo ke saƙar. Iyakar ta dogara ne da waɗanda ka tara. A ce ta faɗa a kan 4.9: mai 4.85 da mai 4.95 sun rabu rukuni, alhali bambancinsu bai taka kara ya karya ba, kuma mai 4.95 an haɗa shi da mai 6.5. Canza mahalarta, sai mutum ya canza rukuni ba tare da ya canza amsa ko ɗaya ba. A ganina, gara a bar makin ɓangarorin biyu yadda suke, a yi lissafi da su kai tsaye.

Su kansu siffofin, ɗaliban Jami'ar Stanford 100 ne suka tantance su, bisa abin da al'ummar Amurka ta lokacin take so ga namiji ko mace. Shi ya sa yarinta da saurin ruɗuwa suka shiga jerin mata, kuma aka cire su a gajeren gwajin mai siffofi 30. Nazarin Jean Twenge na 1997 ya nuna makin mata a ɓangaren maza ya yi ta hawa tun shekarun 1970. Janet Spence, wadda ita da abokan aikinta suka ƙirƙiro wani gwaji makamancin wannan mai suna PAQ, ta riƙe cewa abin da ake aunawa dogaro da kai ne da kula da mutane, kuma da waɗannan sunaye ya kamata a rubuta sakamakon.