Neman mutum ɗaya a cikin taron Venis

Jirgin ƙasan da na shiga daga Milan ya yi kimanin awa biyu da rabi kafin ya hau doguwar gadar da ta ratsa ruwa zuwa Venis, inda na sauka a tashar Santa Lucia da hantsi. Tun da yake babu mota a cikin garin, sai na bi jirgin ruwan haya ta babban mashigin da ya raba birnin gida biyu, na sauka a bakin gidan adana zane-zane na Accademia, domin abin da ya kawo ni yana can.

Wani zane ne na Gentile Bellini, ya kammala shi a 1496, kuma faɗinsa ya haura mita 7, har sai da na ja da baya kafin idona ya iya ɗaukarsa gaba ɗaya. Yana nuna jerin gwanon bikin waliyyin birnin, San Marco, na ranar 25 ga Afrilu 1444, a dandalin da ke gaban majami'arsa. A sahun gaba 'yan wata ƙungiyar addini ne sanye da fararen riguna, riƙe da dogayen kyandir, suna tafe da rumfar da aka ɗaga a kan wani guntun icce da suka yi imani daga gicciyen Almasihu yake. Wannan Bellini shi ne wanda hukumar Venis ta aika Istanbul a 1479, ya zana Sarkin Turkawa Muhammadu na Biyu.

An ce a ranar bikin wani ɗan kasuwa daga Brescia ya durƙusa yana roƙo saboda ɗansa da ke kwance rai a hannun Allah, yaron kuma ya tashi. Na ɗauka shi zan fara gani, amma na fi minti goma ina lalube a cikin jama'a kafin na hango shi, da jar riga, gwiwa a ƙasa, kusan fararen riguna sun rufe shi, masu tafiya ko waiwayensa ba su yi ba. A ganina mai zanen ya fi damuwa da birnin fiye da mu'ujizar, domin a fuskar majami'ar ya zuba gwanintarsa, ruwan zinariya yana ƙyalli a kan kowace ƙofa.

Da la'asar na taka zuwa dandalin kansa da hoton zanen a wayata, ina gwada wannan da wancan. Jan bulon da ke daɓe a zanen ya ba da wuri ga dutse mai ruwan toka, kuma cikin adon da Bellini ya gani a saman ƙofofin, na ƙofar ƙarshe ta hagu kaɗai ya rage yadda yake. Na ƙiyasta wurin da ɗan kasuwar ya durƙusa, na je na tsaya, sai na tarar wasu baƙi sun riga ni, suna ɗaukar hoto.