"Saura Kaɗan": Hawanmu na Farko a Chappal Waddi

Kafin Janairun bara, dutsen da na taɓa hawa a rayuwata shi ne Dala, shi ma ta matakala, bayan la'asar. Sai ga shi mu huɗu 'yan majalisa ɗaya a Kano mun ɗaura niyyar zuwa Chappal Waddi, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, can kan iyakar Taraba da Kamaru, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti. Ni na kawo maganar, ni na dage, ni na tara kuɗin mota. Shi ya sa tun daga gida nake jin kamar tafiyar tawa ce, sauran rakiya suka yi mini. Daga nan kuskurena ya faro.

Kwana biyu muka yi a mota. Muka bi ta Gombe da Numan muka kwana a Jalingo, washegari muka wuce Bali zuwa Serti, inda ofishin gandun yake, muka nemi izini. Daga Mayo Selbe hanya ta fara naɗewa tana hawa tsaunin Mambila, kunnuwanmu suka toshe, kowa ya lalubo rigar sanyi. A Nguroje muka bar mota muka hau babura zuwa Njawai. Daga nan kuma sai ƙafa.

Jagoranmu dattijo ne siriri, da sandarsa da takalmin roba irin na makiyaya. Baba muke ce masa. Tafiyarsa ta ba ni haushi da farko, don a hankali yake taku kamar mai bin shanu. Sai na riƙa wuce shi, in tsaya a kan tudu ina ɗaga wa abokaina hannu. Ƙasar wajen tuddai ne na ciyawa, ɗaya bayan ɗaya, a tsakaninsu kwari mai rafi da kurmi. Ka hau wannan kana zaton shi ne ƙarshe, kana kaiwa sai wani ya leƙo ta bayansa. Duk wanda ya tambaye ni, amsata ɗaya ce: "Saura kaɗan." Alhali ban san ko saura nawa ba.

Cikinmu akwai abokina tun na makarantar allo, tela ne, wuni yake a kan keke. Saboda tafiyar nan ya sayi takalmi mai dogon wuya, bai taɓa sa shi ba sai ranar. Tun azahar na ga ya koma baya ya daina hira. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce lafiya lau, ni kuma na karɓa da sauri, don amsar da nake son ji ke nan.

Dab da magariba muka sauka kusa da wata ruga. Mutanen suka karɓe mu da ƙwaryar kindirmo, suka ba mu itace. Sanyin wajen ba irin hunturun Kano ba ne, mai laima ne, yana ratsa riga har ƙashi. Da muka zo alwala, sai na ga abokina ya zauna a kan dutse ya kasa cire safa. Na haska masa tocila. Safar ta manne da diddigensa, jini ya bushe a jiki. Sai da Baba ya ɗumama ruwa ya zuba gishiri, muka jiƙa ƙafar, sannan aka ɓamɓare ta a hankali. Fatar diddigen duka biyu ta saɓule, wajen ya yi jawur, faɗinsa ya kai murfin kwalba.

Na ce, "Haba mutumina, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun rafi na biyu."

"Me ya hana ka faɗa?"

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, "Na ga ranka yana kan dutsen nan. Ban so a ce ni na ɓata maka."

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Mun taso ana yaba mana dauriya, ana cewa namiji ba ya raki, abokina kuwa ga kara ga kunya. Amma ni na sa shirun nasa ya yi tsawo, da gaggawata da "saura kaɗan" ɗina. Da ya yi magana a rafi na biyu, filasta ɗaya ta isa.

Da asuba na ce mu juya. Shi ya ƙi. Baba ya duba ƙafar, ya naɗe ta, ya ba shi takalminsa na roba da safa biyu, ya ce, "Yaro, kai za ka bi bayana. Ku kuma kada wanda ya wuce shi." Ya ƙara da cewa in rana ta take tsaka ba mu kai ba, juyawa za mu yi ko da muna hangen ƙololuwar. Ba wanda ya yi musu. Na ɗauki jakar abokina na koma can baya.

A bayan ne na gane tafiyar Baba. Taku gajere, numfashi daidai da taku, hutu kaɗan kafin gajiya ta kama mutum. A irin wannan tsayin, iskar da kake shaƙa kusan kashi uku cikin huɗu ce ta wadda ake samu a bakin teku, shi ya sa mai gaggawa yake haki tun bai yi nisa ba. Ya riƙa sa mu kurɓar ruwa ko ba ma jin ƙishi, domin sanyi yana ɓoye ƙishirwa. Ruwan rafin kuwa tun dare muka tafasa shi, tunda shanu ma nan suke sha. Dabino da ƙuli-ƙuli sun fi mana amfani a kan gwangwanayen da muka sha wahalar ɗaukowa.

Da hantsi muka kai. Ciyawa ce da iska mai ƙarfi, gajimare yana wucewa ta ƙasa da mu, tuddan Kamaru jere har iyakar gani. Abokina ne ya fara taka wajen bayan Baba. Ya zauna ya ce alhamdulillahi, mu ma muka zauna gefensa, aka raba ragowar dabinon.

Saukowa ce ba wanda ya gaya mana. Duk nauyin jiki a gwiwa yake sauka, yatsu suna dukan bakin takalmi, ciyawa tana santsi. Ga shi mun ƙarar da ƙarfinmu a hawa. Wajen la'asar jijiyar cinyata ta ɗaure, na durƙushe ban shirya ba. Na ji bakina yana shirin cewa ba komai, sai na haɗiye, na ce, "Jama'a ku tsaya, ƙafata ta riƙe." Suka tsaya. Baba ya jiƙa mini gishiri da sukari, abokina ya miƙo mini sandar da aka sara masa da safe. Muka haɗa azahar da la'asar a nan, kasaru, sannan muka ci gaba.

Sati biyu abokina ya yi yana zuwa shago da silifas bayan mun dawo. Ranar da na je duba shi na tarar yana ɗinka wata 'yar jaka mai aljihu uku, ya ce ta filasta da bandeji da gishiri ce. Takalmin nan mai wuya kuwa yana ajiye ƙarƙashin keke. Ya ce da zarar diddigen ya warke zai riƙa zuwa kasuwa da shi kullum har ya yi laushi, don yana so mu je duwatsun Shere na Jos bayan damina.