Alamar Baba a jikin ƙarfe

Yau da safe, kafin rana ta yi zafi a Yamai, na kwance altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, daga motar Peugeot 504 Coupé ɗin da mahaifina ya bar mini, na ɗaura wata da hannuna, domin jar fitilar batir ta daina mutuwa ko da injin yana aiki. Irin wannan mota ce, mai injin V6, ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya a 1978, kuma Baba, Allah ya jiƙansa, ba ya gajiya da ba mu labarin. Sai da na cire wayar batir, na sassauta noti, na zare bel ɗin da ke juya altaneta, sannan na ga wani ɗan layin farin fenti a jikin ƙarfen da ke riƙe da ita, daidai wurin da Baba yake tsayar da notin idan ya ja bel.

A kan wannan layi na ɗaure sabuwar, na danna bel da babban yatsa, ya lotsa kamar santimita ɗaya, da na tayar da injin kuma ma'aunin ya nuna volt 14, alamar tana cajin batir. Tsohuwar altanetar ba zan yar da ita ba, zan kai ta a gyara, domin kayan wannan mota sun fara wuyar samu a garin nan.