Kafin sabis ya ɗauke gaba ɗaya: abin da karyewar kamfanonin waya da intanet ta koya mana a Accra

Duk wanda ya daɗe yana harkar waya a kasuwar Circle ta Accra, ko yana da shagon kiredit da momo (ajiya da tura kuɗi ta waya) a Nima, Maamobi ko Sabon Zongo, ya ga layukan da suka mutu a hannun masu su. Akwai 028 ta Kasapa, wadda ta koma Expresso, har hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta soke lasisinta a 2018. Akwai 023 ta Glo, wadda ta shigo da ƙarfinta a 2012, bayan shekara goma aka mayar da masu layinta kan turakun AirtelTigo, wato dogayen ƙarafan da ke watsa sabis. Akwai Surfline, wanda ya fara kawo 4G ƙasar nan a 2014, a 2023 akwatunansa na intanet suka daina kama komai. Kowanne da nasa labarin, amma ciwon da ke kashe irin waɗannan kamfanoni kusan ɗaya ne, kuma yakan nuna alama tun watanni kafin a garƙame ofis. Wanda ya san inda zai duba yakan tsira da kuɗinsa da lambarsa. Wanda ya zauna jiran sanarwa shi ake bari da rasit a hannu.

Tushen ciwon yana cikin kuɗin da ake karɓa da kuɗin da ake biya. Kamfanin waya yana karɓar sidi daga hannun jama'a, amma manyan buƙatunsa da dala ake lissafa su: na'urorin da ke kan turaku, manhajar da ke tafiyar da su, hanyar intanet da yake saya daga masu wayoyin ƙarƙashin teku, bashin da ya ci ya gina komai, har da lasisin kansa. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6. Kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 13. A ɗauki misalin mutumin da ke biyan sidi 150 a wata. A Janairu kuɗinsa dala 25 ne, a Nuwamba bai kai dala 12 ba. Mutumin bai rage ko kobo ba, bai kuma rage amfani da data ba, amma rabin abin da yake kawowa ya narke. In kamfani ya ninka farashi jama'a su gudu, in bai ninka ba bashi ya haɗiye shi. Abin da ya faru da Etisalat a Najeriya ke nan: bashin dala biliyan 1.2 daga bankuna 13, naira ta faɗi a 2016, a 2017 masu kamfanin na Abu Dhabi suka janye, sai da babban banki da hukumar sadarwa suka shiga tsakani kafin ya koma 9mobile.

Abin da ya sa babban kamfani ke jure wannan guguwa, ƙarami kuwa ta tafi da shi, shi ne turke bai san yawan mutanen da ke ƙarƙashinsa ba. Ko mutum 300 yake ɗauka ko 3,000, hayarsa ɗaya ce, wutarsa kusan ɗaya ce. Tun wajen 2010 kamfanonin waya a Ghana suka fara sayar da turakunsu ko miƙa su ga masu harkar turaku irin su Helios, Eaton da ATC, suka koma 'yan haya a kan abin da suka gina da kansu. A lokacin an samu kuɗi a dunƙule, amma an ɗaura wa kai haya ta shekaru masu yawa. Daga nan mai turke ne ke riƙe da makunnin wuta. Ko AT, wato tsohon AirtelTigo, wanda gwamnati ta karɓa a 2021, sai da bashin hayar turaku ya kai ga mayar da masu layinsa kan turakun Telecel (tsohon Vodafone) a 2025.

Yana da kyau a san abin da ke gindin turke, don a nan mutuwa ke fara bayyana. Na'urorin suna aiki da wutar batir mai ƙarfin bolt 48. Wutar kamfanin lantarki na ECG tana shiga na'urar da ke juya ta, ta ciyar da kayan aiki ta kuma cika batura. In an ɗauke wuta batura su riƙe na wasu awanni, kafin nan janareta ya tashi. Janaretan irin wannan wuri yakan sha lita 2 zuwa 3 na dizal a awa, kuma ana so a canja masa mai da matata bayan kamar awa 250 na aiki. Baturan dalma ba sa son zafi: duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage musu kusan rabin tsawon rayuwarsu, shi ya sa lalacewar fanka ko na'urar sanyaya ɗakin ba ƙaramin abu ba ne a zafin Accra. Idan kuɗi suka fara ƙaranci, ba a fara da korar ma'aikata. Da waɗannan ake farawa, domin ba wanda ke ganinsu. A jinkirta sayen batir, a tsallake gyaran janareta, a rage dizal. Watanni shida ba za a ga komai ba. Sai wata rana a ɗauke wuta, sabis ya bi ta cikin minti goma. Waɗanda suka yi aiki a shekarun dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta, musamman 2015, sun ga yadda dizal kaɗai ke iya cinye ribar turke. Kuma turaku da yawa a jere suke kamar sarƙa, kowanne yana karɓar saƙo daga na gabansa ta farantin da ke samansa. In na tsakiya ya mutu, biyar ko shida na bayansa su yi shiru alhali lafiyarsu ƙalau.

Sai maganar zangon iska, wato mitar da sabis ke bi zuwa waya, wadda masu sayen rauta (akwatin intanet) ba su cika kula da ita ba. Ƙananan kamfanonin intanet da aka bai wa lasisin 4G kafin manyan, irin su Surfline, a zangon 2600 suka samu wuri. Wannan zango yana ɗaukar data da yawa amma ba ya nisa, kuma bango yana tare shi. A unguwa irin Nima, inda gidaje suke manne da juna, lungu a kan lungu, rufin kwano ko'ina, sai a ga turke a waje amma a cikin ɗaki sanda ɗaya. A Disambar 2015 MTN ya sayi zangon 800 a kan dala miliyan 67.5, a 2018 Vodafone ya sayi nasa a kan dala miliyan 30. Zangon 800 yana tafiya nesa, yana ratsa bango, turke ɗaya ya yi aikin da wancan ke buƙatar da yawa. Ga shi kuma manyan suna da kira, suna da momo, suna da ejan a kowace kwana. Tun daga ranar ƙaramin da data kaɗai yake sayarwa ya shiga tsere da ƙafa ɗaya. Ra'ayina shi ne, da ƙyar kamfanin data zalla zai rayu a irin wannan kasuwa sai in ya kama wani lungu nasa, kamar jan faiba zuwa ofisoshi da gidaje, inda ba a sauya shi da sauya sim.

Ba ƙasashenmu kaɗai ba ne. A Amurka, FairPoint ya sayi layukan Verizon na jihohi uku, Maine, New Hampshire da Vermont, a 2008, akasari da bashi. A farkon 2009 ya kwashe bayanan jama'a zuwa sabon tsarin kwamfuta, tsarin ya rikice, takardun biyan kuɗi suka fito da kurakurai, masu jiran a haɗa musu layi suka yi ta jira, mutane suka yi ta barinsa. A Oktoban 2009 ya kai kansa kotu kan ya kasa biyan bashi. Abin lura a nan shi ne layukan jama'a ba su mutu ba. Kotu ta tsayar da masu bin bashi, aka ci gaba da aiki, aka mayar da wani ɓangare na bashin hannun jari, kamfanin ya fito a 2011. Ghana ma tana da irin wannan ƙofa tun 2020, a dokar karyewa da farfaɗo da kamfanoni mai lamba 1015, wadda ta ba da damar naɗa mai riƙon kamfani ya yi ƙoƙarin ceto shi kafin a kai ga sayar da kadarori. Damuwar ita ce masu kamfani sukan ƙi amsa cewa sun gaza har sai babu abin cetowa. Injiniyoyi sun watse, an kashe wuta, ɓarayi sun kwashe batura da wayoyin tagulla. Turken da ya yi wata uku a kashe ba a tayar da shi da danna makunni.

Ruwa ba ya tsami banza, ga alamun da ake dubawa. Sabis da ke ɗaukewa tare da wutar unguwa yana nufin batura sun mutu ba a canja ba. Intanet da ke gudu da asuba amma ya tsaya cik daga bayan magariba zuwa sha ɗaya na dare yana nufin an rage hanyar da ake saya daga sama, ko an daina ƙara ta. Kwamishon ejan da ake biya ƙarshen wata ya koma bayan wata biyu, daga baya a ce a karɓi kiredit a madadin kuɗi. Ofisoshin unguwa suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta fi yaudarar mutane ita ce garaɓasa mai yawa: biya na shekara a ba ka wata shida kyauta, sari kati na dubu goma a ƙara maka kashi ashirin. Kamfanin da ke da lafiya ba ya sayar da gobensa da arha haka. Wanda banki ya daina bai wa bashi ne ke zuwa ya ci bashin a hannun talaka ba tare da ya kira shi bashi ba.

Kuma bashi ne, ya kamata kowa ya gane wannan. Kiredit ɗin da ke cikin sim, datar da aka biya ba a yi amfani da ita ba, katin da dillali ya sara, kuɗin ajiyar da ejan ya bayar, duk kamfani ne ake bi. In aka zo rabon kadara doka ta jera masu bin bashi aji-aji. Kuɗin gudanar da rabon, haƙƙin ma'aikata, haraji, da bankunan da ke riƙe da jingina, duk suna gaba. Dillali da mai layi suna can ƙasa cikin marasa jingina, masu hannun jari kuwa suna bayansu. Kadarar kuwa ba ta da auki. Turakun na haya ne, lasisin yana komawa hukuma, tsofaffin na'urori kuwa kusan kuɗin gwangwan ake saye.

Kuɗin momo daban ne, kuma mutane suna yawan haɗa su. A ƙarƙashin dokar biyan kuɗi ta 2019 mai lamba 987 da ƙa'idojin Babban Bankin Ghana, kowane sidi da ke cikin asusun waya akwai takwaransa a ajiye a banki cikin asusun amana, ba a cikin dukiyar kamfanin waya ba. Kuɗin ba sa ɓata da karyewar kamfani. Abin da ke ɓata shi ne hanyar isa gare su, domin sai sim ya kama sabis kafin a danna lambobin cirewa. Tun Mayun 2018 ana iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan, saboda haka da an ga alamu a kwashe mafi yawa zuwa wani asusu ko banki, a bar na hidimar kwana biyu.

Lamba ta fi kiredit daraja nesa ba kusa ba. Ita banki ke turo wa lambar sirri, ita ce WhatsApp, ita ce a allon shago, ita 'yan'uwa na Kumasi da Tamale da Kano suka haddace. Tun Yulin 2011 ana iya ƙaura da lamba zuwa wani kamfani. Ana zuwa ofishin sabon kamfanin ne, ba tsohon ba, da katin Ghana da wayar da tsohon sim ɗin ke ciki. Za a cike buƙata, a sa mutum ya tura saƙon tabbatarwa daga tsohon sim, yawanci cikin mintuna a gama. A nan tarkon yake: saƙon nan sai tsohon sabis yana raye yake fita. Kuma sunan da ke kan sim dole ya dace da na katin, don haka layin da aka yi wa rajista da sunan yaya ko mijin da ke tafiya, a gyara shi tun da sauran lokaci. Ragowar kiredit ba ya bin lamba, asusun momo ma ba ya bi, a fara kwashe shi kafin a ƙaura.

Ga dillalai, kada kayan kamfani ɗaya da ke hannu su wuce abin da za a sayar a mako guda, komai daɗin ragin. A riƙe kwafin yarjejeniya, rasit ɗin ajiya, da bayanin kwamisho na kowane wata a takarda, domin ranar da aka kashe kwamfutocin kamfani shafin ejan ma ya tafi, kuma mai rabon kadara takarda yake karɓa, cikin wa'adin da ya sanar a jarida. Wanda ya makara ya rasa ko ɗan abin da zai samu.

Mai sayen rauta ya tambayi abu biyu kafin ya biya: a buɗe take ko a kulle, kuma wane zango take kamawa. A jikin kwali ana rubuta B3, B7, B20. B7 shi ne 2600, B20 shi ne 800. Wadda B7 kaɗai take da shi, ko an buɗe ta a wurin masu gyaran waya na Tip Toe Lane amfaninta kaɗan ne. Masu wayoyin Kasapa sun sha wannan, domin irin wayarsu, mai tsarin CDMA, ba ta karɓar sim ɗin sauran. Mai shagon intanet, makaranta ko ofishin tura kuɗi kuma ya riƙe hanya biyu daga kamfanoni biyu, ya tambaya ko na biyun ba daga na farkon yake sari ba. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku huɗu suka yanke lokaci guda, da yawa suka gano cewa hanyoyinsu biyu a bututu ɗaya suke.

Ma'aikata su ne suka fi kowa sanin halin da ake ciki, su ne kuma suka fi daɗewa suna fata. Albashi yakan ci gaba da fita bayan an daina tura kuɗin fansho. Ana cire kashi 5.5 daga albashi, kamfani ya ƙara kashi 13, a raba tsakanin SSNIT, hukumar fansho ta ƙasa, da asusun fansho na mataki na biyu. Takardar albashi za ta nuna an cire, amma bayanin SSNIT ne kaɗai zai nuna an tura. A duba shi duk wata uku. In an ga giɓi a kai ƙorafi tun kamfani yana da asusun da za a iya kamawa. Kuɗin sallama na dokar ƙwadago ta 2003 ma tattaunawa ake yi a kansa, in an kasa daidaitawa a tafi Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, kuma duk abin da aka amince a sa hannu a takarda mai kwanan wata kafin a miƙa makullai da kwamfutar aiki.