Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Ranar da Dare Ya Yi da Hantsi

Makon jiya na tsaya a inda Baba ya ɗauke ni daga ƙauyenmu na wajen Malumfashi ya kai ni Gusau wurin ƙanwarsa, domin in koyi ɗinki. Labarin yau kuwa har yanzu idan na tuna shi sai in sunkuyar da kai.

Watan Maris ne na 2006, zafi ya kankama. An gama ƙidayar jama'a ke nan, tawadar da aka shafa mana a yatsa ba ta gama fita ba, ga maganar tazarcen Obasanjo ta cika kowace majalisa. Sai rediyo ta fara shela cewa ranar Laraba, 29 ga wata, za a yi husufin rana, kada kowa ya ɗaga ido ya kalle ta haka nan.

Akwai wani ɗan'uwa a ekkilisiyarmu da ba shi da hira sai ta ƙarshen zamani. Bayan sujada ya tara mu matasa a gindin darbejiya ya ɗinke mana zancen tsaf. An ƙidaya mu, an sa mana alama a hannu, ga Ru'ya ta Yohanna sura 13 mai maganar alamar da za a sa wa mutane a hannu a ƙarshen zamani, yanzu kuma rana za ta duhunta kamar yadda Matta 24:29 ta faɗa. Fasto ya ji labari, ya tuna mana aya ta 36, cewa ranar nan da sa'ar nan ba wanda ya sani sai Uba. Amma tsoro ya riga shi shiga.

Ni dai ina da dalilin tsorata. Wata gwauruwa ta kawo atamfa da naira 1,500 a yi mata ɗinkin Ista, maigidana ba ya nan, na karɓa. Atamfar na cusa ƙarƙashin tebur, kuɗin kuma na cika na sayi wata tsohuwar wayar hannu da ko caji ba ta riƙewa.

Ranar Laraba, goma ta ɗan gota, hasken gari ya fara yin wani iri, kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata. Iska mai sanyi ta taso. Masu walda na kusa da shagonmu suna ta ba mutane aron baƙin gilashinsu, lasifikokin masallatai na kiran jama'a sallah. Na bar keken ɗinki da zare a allura na ranta a na kare. Kafin in shiga gida duhu ya rufe, kaji sun nufi akurki. Na faɗa ɗaki na durƙusa bayan ƙofa ina rawar jiki, ina yi wa Ubangiji alkawari iri-iri: zan mayar da kuɗin yau, zan shiga ƙungiyar mawaƙa, har makarantar Littafi Mai Tsarki sai da na ce zan je.

Can sai na ji ludayi na bugun tukunya. Na leƙo, Goggo ce a bakin murhu tana dama kunun kanwa. Matar maƙwabcinmu, Musulma ce, ta haihu kwana uku, ba ta da kowa a garin.

Na ce, "Goggo, ba ki ga abin da ke faruwa ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na gani, ɗan nan. In Yesu ne ke zuwa, ya same ni a nan. Mai jego ba ta karya ba." Ta ƙara gyara itace, sannan ta dube ni a hasken wutar. "Kai me kake gudun ya same ka da shi?"

Bakina ya mutu. Minti huɗu ma ba a cika ba gefen rana ya ɓullo, zakaru suka hau cara, yara na ihu a layi. Goggo ta juye kunun a kwanon sha ta miƙo mini in kai.

Da ma in ce muku daga can na wuce gidan gwauruwar. Ina! Kafin azahar alkawuran nan sun bi iska. Na koma shago muna ta yi wa ɗan'uwan nan dariya, har da ni da na jiƙa tabarma da hawaye. Da dare Goggo ta jawo fitila ta karanta mana Luka 17, inda Farisawa suka tambayi Yesu yaushe Mulkin Allah zai zo, ya ce musu ba da alamun kallo yake zuwa ba, yana nan tsakaninsu. Ta rufe littafin, ba ta sake tambayata komai ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Juma'a da yamma ina guga sai na ji sallama a ƙofar shago. Gwauruwar ce, ta zo ganin inda ɗinkinta ya kai, maigida kuma yana zaune a kan kekensa.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.