Tsoffin kekunan Faransa da na Japan, guduma ce ke kashe su

Yawancin mutane in aka ce tsohon keke Raleigh ko Phoenix ne ke faɗo musu a rai, ni kuma waɗanda suka kama min zuciya daban ne, kekunan doguwar tafiya, irin waɗanda aka ƙera dan mutum ya ɗaura kaya gaba da baya ya kama hanya gari zuwa gari, masu lanƙwasasshen kai da giya da yawa da kariya. Na Faransa da na Japan nake tarawa, galibi ƙirar shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980. Na Faransa ta wajen Maraɗi da Damagaram nake samo su, an jingine a bayan ɗaki ko a rumfar mai faci an manta da su, na Japan kuma cikin gwanjo suke ɓuya, tsakiyar tulin kekunan nan masu kwando da ake saukewa daga kwantena, sai ka yi ta ɗaga wannan kana ture wancan kafin ka hango guda.

Abin da na gane tun da wuri shine ba tsufa ke kashe kekunan nan ba, ƙarfen lafiya lau yake, hannu ne ke kashe su. Wani Peugeot da na kai wa wani dattijon bakanike, mutumin da ya fi ni sanin keke nesa ba kusa ba, ina tsaye ya ɗauko sabuwar feda zai ɗaura ta ƙi shiga, sai na ga ya miƙa hannu wajen guduma. Na ce Baba dan Allah a dakata. Ya ce ɗana ai ƙarfe ne, in ya ji bugu zai bi. Wallahi ba rashin iyawa bane, duk rayuwarsa kayan Ingila da na Indiya da na Chana yake taɓawa kuma galibi awonsu ɗaya ne, Faransawa ne suka ware kansu da nasu awon. Tiredin fedarsu milimita 14 ne, na sauran duniya ya ɗan fi shi kauri kaɗan, a ido ba za ka gane ba amma in ka tilasta ka cinye tiredin kenan har abada.

Haka abin yake a ko'ina a jikin keken. Gidan boris na ƙasa inda ƙafar feda ke juyawa, na Faransa milimita 35 ne kuma duka ɓangarorin biyu dama ake ɗaure su, alhali a keken da muka saba ɓangaren kaca hagu ake ɗaurewa, to wanda bai sani ba yana ganin kwancewa yake ashe ƙara tamkewa yake yi, daga nan sai a kawo bututu a ƙara wa sifana tsawo, shikenan an gama da firam. Wuyan da ke riƙe kan keke nasu milimita 22.0 ne na kowa kuma 22.2, wannan kam da sauƙi, sanfefa kake sa wa sabon ka ci shi a hankali kana gwadawa har ya zauna. In kuma ka ga an rubuta sunan kamfanin Stronglight ko TA na Faransa a ƙafar feda to ka ajiye abin zare ƙafar feda na kasuwa mai milimita 22, TA 23 yake so, tsohon Stronglight 23.35. Shi ya sa kafin sifana ni ma'auni nake fara ɗauka, ɗan ƙarfen nan mai baki biyu da ke nuna milimita, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya mai kyau ba.

Taya ma rigima ce mai zaman kanta. Mai shago zai ce maka lamba 26 ce, to 26 kala kala ce, akwai 559 ta keken hawan dutse, akwai 590 ta masu kwandon Japan, akwai 584 da ake cewa 650B wadda tsoffin kekunan tafiya na Faransa ke so kuma da ƙyar ake samunta a nan. Lamba 27 kuma 630 ce, ba ɗaya take da 700C mai 622 ba. Ƙaramar lambar nan da ke jikin tsohuwar taya ita zaka karanta kafin ka yar da ita.

Akwai kayan Faransa da bana yi musu kara. Abin canjin giya na Simplex mai baƙar roba, ranarmu ta gama gasa shi, yana tsagewa, cirewa nake in sa na kamfanin SunTour na Japan, amma bana yarwa, gwangwani na ware ina zubawa da sunan keken a jiki. Wuyan AVA ma in na gani cirewa nake saboda an san shi da tsagewa, ba zan ɗora rai a kai ba. Birkin Mafac kuwa ina so sosai, yana da kuka amma yana kamawa, sabuwar roba kawai da ɗan karkata ta yadda gabanta zai fara taɓa rim sai ya yi shiru.

Ranar da na fara kwance keken Japan Miyata 610 sai da na ji kamar an sauke min kaya daga ka. Komai ya fito ba gardama, komai na kasuwa ya shiga, saboda Japanawa awon Ingila suka bi. Ga aikin tsaf, ka duba inda bututu ya haɗu da bututu ba kumburi ba rami, ga wajen ɗaura kariya da gorar ruwa duk an tanada, ga giya uku a gaba dan hawa tudu da kaya. Kamfanin Miyata da kansa yake yin bututunsa, wasu kamfanonin kuma na Tange ko Ishiwata suke amfani da shi. SunTour kuwa tun 1964 suka fito da abin canjin giya mai karkata wanda ke bin haƙoran baya kusa kusa, sai da haƙƙin mallakarsu ya ƙare a 1984 sannan kowa ya kwaikwaya, kuma har gobe wanda ka tsinta a gwanjo ka wanke da kananzir ka sa mai zai yi aiki. Bayan 1985 kuɗin Japan ya yi tsada, ƙira ta koma Taiwan, shi ya sa na kafin nan nake nema ido rufe.

Abin da ke burge ni kuma, Japanawan nan a wajen Faransawa suka koyi son irin wannan keke, ƙirar maƙeran keken Faransa su René Herse da Alex Singer suka riƙa bi, kamfanin Toei na Japan har yau a wannan salon yake yi, kuma da 650B ta kusa ɓacewa kamfanin taya na Japan Panaracer na cikin waɗanda suka ci gaba da yin tayarta. Peugeot ɗina yanzu haka tayar Japan ce a ƙafarsa. In tafiya zan yi Miyata nake ɗauka ba tunani, amma gaskiya na Faransan sun fi shiga raina, wataƙila dan sun fi ba ni wahala.

Fenti bana sakewa sai in tsatsa ta ci ƙarfe. Mai fenti zai fesa maka ja mai ƙyalli ya rufe zakin Peugeot da tambarin bututun ƙarfe na Reynolds 531 da duk abin da ke nuna asalin keken, ni wankewa nake in goge in shafa mai in bar masa tabonsa. Sirdin fata na Idéale da hunturu ya busar, man kaɗanya kaɗan nake shafa masa ta ƙasa in bar shi a inuwa, in ya yi yawa fatar saki take. Kafin in biya kuɗi kuma sai na shafa yatsa a ƙasan bututun gaba kusa da wuya, in na ji ƙullutu to an taɓa yin karo da shi, bari nake ko nawa aka rage min, sannan in gwada ko sandar sirdi na motsi, dan alminiyam in ya kama cikin ƙarfe sai ka yi ta ɗiga mai kana jira.

Yanzu haka wani Gitane na Faransa ne rataye a zaure, na gama wili biyu na canza sifok ɗin da suka karye, birki ya zauna, saura ƙafar fedar Stronglight da ban taɓa ba, na ba wani mai injin yankan ƙarfe awon 23.35 ya yanka min abin zarewa kuma na roƙe shi kada ya ƙara kada ya rage, sai ya kawo zan buɗe boris in ga halin da yake ciki.