Ni na ce masa ya amsa laifi

Ranar da aka kai ƙanena Babbar Kotun Tarayya, ni da bakina na raɗa masa cewa, "Kai dai in an karanta maka, ka ce ka amsa." Har yau maganar nan tana hana ni barci.

Karon farko ne ya ruɗe ni. Shekara 3 kafin nan jami'an NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sun kama shi da 'yan ƙullin wiwi, ya amsa laifi, aka ba shi zaɓin tara, muka harhaɗa kuɗi muka biya, ya kwana a gida. Sai na ɗauka ai hanyar ke nan. Wani mai zaman bakin kotu ya ƙara zuga ni, wai masu musu su ne ke ruɓewa a tsare. Ko takardar tuhumar ban nemi a karanta mini ba. Ashe wannan karon da sayarwa ake tuhumarsa, ƙarƙashin sashe na 11(c) na dokar hukumar, wanda hukuncinsa kan iya kaiwa ɗaurin rai da rai.

Yana amsawa, mai gabatar da ƙara ya miƙa kayan da sakamakon gwaji, sannan ya ce wannan yaro ba yau ya fara ba. Shekara 10, babu zaɓin tara. Inna ta sulale ƙasa a barandar kotu, takalminta ɗaya ya fice, ni na tsinto mata shi.

Sai na sake yin wani saken. Kwana 90 doka ta bayar a ɗaukaka ƙara a shari'ar laifi, ni kuwa na ƙarar da su a zaurukan manya ina neman alfarma. Lauyar da muka samu daga baya sai da ta fara roƙon Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara mana lokaci, da takardar rantsuwa mai bayanin dalilin jinkiri. Watanni suka tafi a nan, ga kuɗin haɗa kundin shari'a.

Amma wannan da sauƙi. Da ta gama karanta kundin ta ce, "Malam, kama shi da laifi da wuya mu taɓa shi. An fassara masa da Hausa, ya ce ya gane, ya amsa." Ta lissafa mini abin da za a iya ja a kai da ya musanta: wa ya ga cinikin, hannun wa da wa kayan suka bi kafin gwaji, ko da lauya a wurin lokacin da aka ɗauki bayaninsa kamar yadda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada. Duk ƙofofin nan ni na rufe su.

Abin da ya cece mu ban taɓa kawo shi a rai ba. Tsohon hukuncin da aka tsananta masa a kai, da fatar baki kawai aka faɗe shi. Babu takardar kotu mai hatimi a kundin, ba a kuma tambaye shi ko ya yarda an taɓa hukunta shi ba. Gaskiya ne an taɓa, amma kotu da hujja take aiki. A kan tsananin hukunci kaɗai lauyar ta tsaya, alƙalai uku suka mayar da shi shekara 5, lissafi daga ranar da aka kama shi.

Don Allah, in naka ya taɓa shiga hannu, kada ka bari ya buɗe baki gaban alƙali sai lauya ya ga takardar tuhuma. Tarar da kuka biya a baya ba ta goge komai ba.

Saura masa wata 14. Duk ranar ziyara ina kai masa dambu da sabulu gidan gyaran hali. Ya daina shan komai, ya koyi ɗinki. Sau ɗaya na ɗauko zancen abin da na raɗa masa, sai ya ce, "Yaya, bar maganar nan, ya jikin Inna?"